Gilashin da Aka Manna wa Dutse

Dutsen da ke bayan gidan Darakta ba ya motsi, bai taɓa motsi ba, kuma ba a zamanin Darakta zai fara ba. Magana ce da aka riga aka yanke. Mutumin ya shugabanci ma'aikata har ya yi ritaya, kuma a tsawon aikinsa bai taɓa ganin abin da ya daɗe a wuri ya tashi don kansa ba, ko fayil ne ko ƙaramin sakatare. Shi ya sa da ya tashi gini ya jingina gidansa da gindin tsauni, ya ba autarsa ɗakin ƙarshe mai tagar da ke kallon dutsen, don a lissafinsa nan ne ya fi tsaro.

Ta wannan tagar Auta ta fara ganin mutumin. Wata safiya tana shirin tafiya asibiti, inda take aiki a ɗakin ba da magani, sai ta ji ana ƙwanƙwasa abu. Ta ɗaga labule. Wani dogon saurayi ne da jaka a baya da guduma a hannu. Ya ɓantari dutsensu, ya kai baki ya lasa, sannan ya kawo shi kusa da ido yana murmushi kamar an yi masa albishir.

"Malam, in yunwa ce ka yi sallama a zubo maka," in ji ta.

Ya juyo da ɓantaren a hannu, ya rasa inda zai sa shi, har ya nemi jefa shi aljihun da babu. Cikin in-ina ya bayyana mata cewa shi mai binciken duwatsu ne a jami'a, kuma duk 'yan sana'arsu haka suke yi, don sai dutse ya jiƙe zanensa ke fitowa. Ya miƙo mata ta tsakanin ƙarafan taga. Inda ya lasa ya fito da layi-layi, fari da baƙi, da wasu ƙananan abubuwa masu walƙiya kamar an barbaɗa su.

"Wannan mai ƙyallin fa?"

"Shi ne mafi kyau a ciki," ya ce, amma ba dutsen yake kallo ba.

Daga ranar ta sa masa Mai Guduma, shi kuma ya sa mata Ƙyalli. Binciken da ya kamata a gama a yini ɗaya sai ya ƙi ƙarewa, don kullum akwai abin da ya manta bai auna ba a bayan wannan tagar. A hankali ya ba ta labarin tsaunin. Wai a da can nahiyoyi biyu ne suka tunkari juna suka yi karo, ƙasa ta naɗe a tsakaninsu kamar tabarmar da aka turo daga gefe biyu, har tsohon dutsen da ke can ƙarƙashin komai ya taso sama ya ga rana. Kuma wai har yau ba su daina turin juna ba, a hankali dai, kamar tsirar farce.

Da yamma ya turo mata saƙo: "Ƙyalli, yau na faɗa miki sirrin nahiyoyi biyu. Ke ko sunan turarenki kin ƙi faɗa mini."

Ta mayar masa: "Wanda ke lasar dutse ba a ba shi sunan turare. Kar ka je ka shanye."

Ranar da ya zo gaishe da Darakta ya sa riga mai guga, ya bar gudumar a gida. Darakta ya tambaye shi albashi, ya ji, ya yi masa kallo irin na ta'aziyya. Mai Guduma ya ga yana nutsewa, sai ya kama abin da ya iya. Ya ce ai sun gwada dutsen bayan gidan nan a ɗakin bincike, shekarunsa sun doshi biliyan biyu, yana cikin mafiya tsufa a yankin gaba ɗaya.

Darakta ya gyara zama. Ya sa aka maimaita masa. Ya kira Mama daga kicin ta zo ta ji da kunnenta abin da ya daɗe yana faɗa ana masa kallon mai surutu.

Akwai "amma" a bakin Mai Guduma. Auta ta gan ta, don ta san yadda yake ɗaga yatsa in zai ƙara bayani. Sai dai a daidai lokacin ta ajiye masa shayi, Darakta kuma ya kira shi "ɗana", yatsan ya koma kan kofi. Da wannan "ɗana" ya tafi aikin daji can cikin tsaunuka, inda waya ba ta shiga, ya yi makonni.

A bayansa Ɗan Kwangila ya shigo. Ɗan aminin Darakta ne, yana da motar haƙa guda biyu da tumbi ɗan daidai, kuma ya daɗe yana aiko wa Auta turarukan da take rabar wa ma'aikatan jinya. Da ya ji Darakta na kukan ƙarancin fili, sai ya ce wannan ai ba abin damuwa ba ne tsakanin uba da ɗa. Ya kawo mota ya sare gindin dutsen, ya ci ciki sosai, ya fitar da fili mai faɗi, ya kafa wa Darakta rumfar shan iska a ƙarƙashin sabon yankan. Kyauta. Darakta ya ce abin da ya yi shekara biliyan biyu a tsaye ba zai ji ciwon 'yar ɓantara ba, masana ma sun tabbatar.

Da Mai Guduma ya dawo, Auta ta zagaya da shi don ya ga sabon wuri. Tana ta zuba, sai ta lura ita kaɗai take tafiya. Ya tsaya cak. Ya ɗora tafin hannu a jikin yankan, ya bi layin da ido har sama, ya sake biyo shi har ƙasa, inda ya ƙare a saitin tagarta.

"Ƙyalli, a ina kike kwana yanzu?"

Ta nuna masa tagar da yatsa. Ya ce dutsen falle-falle ne, karon nan ya karkata su duka suna kallon gidan, kamar farantai a kan tiren da aka ɗaga gefensa ɗaya. Gindin da aka sare shi ne hannun da ke tare su. Tsakanin falle da falle kuma akwai wannan mai ƙyallin, wanda in ruwa ya shige shi yake zama kamar sabulu. Ya hau da ita sama kaɗan, ya nuna mata wata tsaga a cikin ciyawa, siririya, ko yatsa ba ta ci. Ya ce da can babu ita.

"Wato sunan abin da zai kashe mu ka sa mini," ta ce.

A ranar ya faɗa wa Darakta. Darakta ya saurare shi har ƙarshe, don shi mutum ne mai tsari, sannan ya tambaye shi ko dutsen ya rage shekaru ne tun zuwansa na farko. Mai Guduma ya ce tsufa daban, tsayuwa daban. Darakta ya ce a falon nan, a kan kujerar nan, da bakinsa ya ba da shaida, kuma mutumin da ke sauya magana don ya ga abokin takara ya yi abin kirki ba zai riƙe 'yar mutane da magana ɗaya ba. Ɗan Kwangila, da ke gefe yana kaɗa makullin mota, ya ce a yi masa uzuri, yawan lasar dutse yana taɓa kai. Darakta ya nuna ƙofa, ya ce daga yau ko inuwarsa.

Mai Guduma ya kai maganar ofishin da ya kamata. Suka karɓe shi da fara'a, suka ce Darakta ne ya ɗauke su aiki, za su duba. Auta ta ja katifarta zuwa falo, Darakta ya mayar da ita da hannunsa, ya ce ba za a yi gudun hijira a cikin gidansa ba. Ta yi tunanin tafiya wurin gwaggonta, amma ɗakin Mama na manne da nata, Darakta kuma ya mayar da rumfar nan ofis, can yake wuni da jarida.

Sai Mai Guduma ya koya mata dabarar sana'arsu ta waya. Ta roƙi siraran gilasan nan da ake ɗiga jini a kai a ɗakin gwaji, ta hau bayan gida da gam mai ƙarfi, ta manna ɗaya a kan tsagar, rabi a wannan gefe rabi a wancan. Dutse na iya yaudarar ido, amma in ya matsa ko da kaurin gashi ne, gilashin zai fashe.

Daga nan soyayyarsu ta koma rahoto. Kowace safiya kafin ta wanke fuska sai ta hau ta duba, ta sauko ta rubuta: "Gilashi lafiya." Shi kuma: "Alhamdu lillahi. Ruwa na tsattsafowa a yankan?" Damina ta kankama. Ta fara jin ƙarar da babu, in cokali ya faɗi a kicin sai ta zabura. A wurin aiki ta miƙa wa wani tsoho maganin da ba nasa ba, Allah ya sa ta ankara kafin ya kai ƙofa. Ga Ɗan Kwangila kullum a falo, Darakta ya fara cewa "in an sa rana" ba tare da ya kalle ta ba.

Wata safiya ta duba wayarta ta ga saƙonnin Mai Guduma a jere: gilashi, gilashi, ruwa, gilashi. Ta nemi "Ƙyalli" ta rasa. Ranta ya ɓaci, ta kashe wayar ta tafi aiki ba ta ba da rahoto ba.

Kafin azahar ta ɗago kai daga kantar ba da magani ta gan shi a layin karɓar magani, tsakanin wata mai ciki da wani mai tari, takalmansa duk taɓo, babu takardar likita a hannunsa. Da layi ya zo kansa ya dafa katakon. Ashe sai da ya je ya leƙa gidan daga titi ya ga yana tsaye, sannan ya iya numfashi.

"Gilashinka lafiya," ta ce tana gyara kwalaye. "In shi ka zo tambaya."

"Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki riƙa amsawa." Ya rage murya. "Ni na jawo wannan. Na ga mahaifinki ya yi mini murmushi, na haɗiye rabin magana. In auren Ɗan Kwangila ne zai fitar da ke daga ɗakin nan, ki aure shi."

"Kyauta kake ba da ni?"

"Gara in gan ki a gaban motarsa da in tono ki da hannuna."

Mai tari ya ce in ba magani za a karɓa ba a ba mutane wuri. Auta ta ɗauki ƙwayar bitamin ta sa a 'yar leda, ta rubuta a jiki: "Ɗaya da safe. Ba na auren kowa sai mahaukacin da ke lasar dutse." Ta tura masa ta ƙasan gilashin kantar, ta ce na gaba.

Mama ba ta taɓa sa baki a maganar ba. Mace ce da ta yi zaman aure da Darakta tun yana ƙaramin akawu, ta san gardama da shi kamar ƙara masa man fetur ne. Amma wata safiya Auta ta juyo daga duba gilashi ta same ta tsaye a baya da bokitin shanya. Mama ta tambayi amfaninsa, aka faɗa mata. Sai ta ce ƙofar ɗakinta ta kwana biyu ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Ta ɗauki bokitinta ta sauka.

An wuni an kwana ana ruwa. Da gari ya waye Auta ta hau da lema, ta durƙusa ta share taɓo da yatsa. Gilashin ya rabu biyu. Ba tsagewa kaɗai ya yi ba, ɓari ɗaya ya sauka ƙasa da ɗan'uwansa, har ta iya sa farce a tsakani. Ruwan da ke gangarowa kuma ba ya wucewa, cikin tsagar yake shiga, yana wani sauti kamar ana shan abu da tsinke.

Ta rubuta: "Ya fashe."

Amsa ta zo kafin ta miƙe: "Ku fita yanzu, Ƙyalli. Kada ki tsaya ɗaukar komai. Ga ni nan."

Darakta na rumfarsa da jarida, ruwa na zuba ta gefen kwano, ƙananan tsakuwoyi na gangarowa ɗaya bayan ɗaya suna buga rufin. Ya ce ƙanƙara ce. Auta ta nuna masa ɓarin gilashin a tafin hannunta, ta roƙe shi da Allah, ta durƙusa a cikin ruwa. Ya dubi gilashin, ya dube ta, ya gane cewa duk tsawon lokacin nan ana magana da yaron da ya kora. Ya ce ko dutsen zai sauko ya same shi a nan, ba zai tashi a kan umarnin mai guduma ba. Ya buɗe shafi na gaba.

Sai aka ji faɗuwar tire a ƙofar kicin.

Mama ce a ƙasa, ta dafe ƙirji, numfashinta na fita da ƙyar. Darakta ya yar da jarida. Auta ta ruga ta tallabe ta, ta kama wuyan hannunta kamar yadda aka koya mata, ta ji jijiya na bugawa daidai, lafiya lau, ta fi tata ma nutsuwa. Mama ta buɗe ido ɗaya, ta matse mata yatsa, ta rufe.

"Baba, zuciya ce. Sai asibiti, yanzu."

Darakta bai taɓa neman makullin mota da sauri irin na ranar ba. Suka ɗauko ta su biyu, suka bi ta gaban ɗakinta, ƙofar a buɗe don ba ta rufuwa. Auta ta ji kan Mama ya ɗan juya wajen. A ƙarƙashin gadon nan akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe. Hotunan iyayenta ne a ciki, da hular saƙa da hoto guda ɗaya tak na ɗanta na fari, wanda ya rasu bai kai ga yin tafiya ba. Taku kaɗan ne. Amma matar da zuciyarta ke tsayawa ba ta cewa a ɗauko mata akwati. Mama ta mayar da kai, ta ƙara nishi.

A asibiti aka yi gwaje-gwaje. Likita ya dubi takardu, ya dubi Auta, Auta ta dubi silin. Darakta ya tsaya a kansa yana neman sunan ciwon, don a ma'aikatarsu ba a rufe fayil babu sakamako. Likita ya ce gajiya ce ta taɓa zuciyar, a rage mata gishiri da mai.

Suna nan wani maƙwabci ya kira Darakta. Auta ta ga fuskar mahaifinta ta sauya launi, ya nemi bango ya dafa. Bayan gidan ya tafi: rumfa, ɗakin Auta, ɗakin Mama, rabin kicin. Maƙwabcin ya ce ƙarar kamar an kifar da tirelar tsakuwa daga sama. Ya ƙara da cewa kafin abin ya faru an ga wani dogon yaro ya haura katanga yana kiran suna.

Sai a lokacin Auta ta tuna ba ta gaya masa sun fita ba.

Ta kira, wayar a kashe. Ta sake kira. Ta fita baranda ta tsaya tana kallon ƙofar asibiti, duk motar da ta shigo da gudu sai ta ruga ta leƙa. Aka shigo da wani a kan gadon turawa an lulluɓe shi, ta bi shi har sai da ta ga farin gemu. Ta koma ta zauna a kan benci, ɓarin gilashin na nan a hannunta, ta matse shi har ya yanke ta ba ta ji ba.

Mai Guduma ya shigo a ƙafa, taɓo tun daga gashi har ƙasa, takalmi ɗaya, wayarsa kuma tana can ƙarƙashin tsohon dutse mafi daraja a yankin. Ya bi ɗakunan ne ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu kowa babu mota, yana fitowa ta ƙofar gaba abin ya sauko a bayansa. Ya tsaya a gabanta. Ta dube shi sama da ƙasa. Can ta ce, "Ka sha maganinka da safe?" Ya gyaɗa kai, hawaye na wanke masa hanya biyu a cikin taɓon.

Kafin sati ya zagayo Darakta ya gama tsara bayani. Dutsen bai motsa ba, yana nan inda yake, kowa na iya zuwa ya gani. Ɗan abin da ya zubo aikin banza ne na Ɗan Kwangila, wanda tun farko bai kwanta masa a rai ba. Iyalinsa kuwa sun tsira ne saboda shi mutum ne mai saurin yanke shawara a lokacin gaggawa. Game da Mai Guduma, ya ce yaron da ya haura katangar mutane don ya cece su yana da tarbiyya, ga shi kuma shi ne ya fara tabbatar da shekarun dutsen. Mai Guduma ya ɗaga yatsa. Auta ta taka masa ƙafa.

Aka ɗaura aure bayan damina, a gidan hayar da suka koma, a tsakiyar fili, inda tudu mafi kusa shi ne tulin yashin maƙwabci. Darakta ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce ya ba da 'yarsa ga mutumin da ya san darajar abin da ba ya motsi, ya yi musu addu'ar zaman da ya fi na tsauni daɗewa, jama'a suka ce amin. Mama ta kama hannayensu biyu ta haɗa, ta ce Allah ya ba su zuri'a mai albarka, ya sa su riƙa ƙarasa wa juna magana. Ango ya sunkuyar da kai.

A cikin hayaniyar wayar amarya ta yi motsi: "Ƙyalli, gilashi lafiya?" Ta rubuta a ƙarƙashin mayafi: "Lafiya lau. Ka zo ka duba da kanka."

Da aka kawo abinci ta zame ta je ta zauna kusa da Mama. Ta ce mata ango ya yi ta tono a wurin har hannunsa ya sale, bai samu akwatin ba.

"Wane akwati?" in ji Mama, tana gyara mata ɗankunne.

Darakta ya iso da kansa riƙe da faranti na musamman, wanda ya tsaya a kan masu girki har aka dafa shi babu gishiri babu mai, kamar yadda yake yi kullum tun ranar asibiti. Ya ajiye mata, ya zaro kwalbar maganin zuciya daga aljihu, wadda Auta ke cikawa da bitamin, ya ba ta ƙwaya ɗaya, ya tsaya sai da ta haɗiye. Sannan ya juya wurin baƙi yana ba su labarin yadda ya ceci matar nan.

Ƙanshin naman biki na wucewa ta gabanta tire bayan tire. Mama ta jawo farantinta, ta yi bisimilla, ta fara ci.